Dalilin Da Ya Sa Jini Ke Daskarewa A Jikin Mai Cutar Bairos Mai Tsanani

A watannin farko na shekarar 2020, sa'ad da annobar Korona ta dira ƙasashen Turai, likitoci da sauran jama'a duk sun ɗauka cewa ciwon huhu ne kurum, irin na mura mai tsanani wadda ke sauka a ƙirji ta hana numfashi. Saboda haka hankalin kowace gwamnati ya tafi ga neman injunan taimakon numfashi da tukwanen iska. Amma wasu likitoci na asibitin jami'a da ke birnin Hambag, a ƙasar Jamus, suka ɗauki wani aiki wanda mutane da yawa ke gudu a lokacin, watau binciken gawawwakin waɗanda cutar ta kashe, don a ga irin ɓarnar da ta yi musu a ciki.

Abin da suka bayyana cikin watan Mayu na wannan shekara ya girgiza ma'aikatan lafiya ko'ina. Daga cikin gawawwaki 12 na farko da suka duba, an tarad da gudan jini a daskare cikin manyan jijiyoyin ƙafafun mutum bakwai, alhali kuwa sa'ad da suke da rai ba wanda aka yi wa zaton wannan larura a cikinsu. Mutum huɗu kuma ba cikar huhu da ruwa ce ta yi ajalinsu ba. Gudan jinin ne ya ɓalle daga ƙafa, ya bi hanyar jini ya ratsa zuciya, ya je ya toshe babbar jijiyar huhu.

To, me ya haɗa ƙwayar cutar da aka shaƙa ta hanci da jinin da ke cikin ƙafa? Amsar da masana suka samu ita ce, ƙwayar cutar, wadda ake kira bairos, ba ita ke daskarar da jinin da kanta ba. Jikin mutum ne ke yi, garin kare kansa, sa'ad da kariyar ta wuce gona da iri. Kuma ba Korona ce ta fara wannan ba, an san shi tun da daɗewa a wasu cututtuka, ciki har da waɗanda ke damun Afirka ta Yamma.

YADDA JINI KE TOSHE RAUNI

Kafin a fahimci ɓarnar, tilas a san yadda abin yake a jikin mai lafiya. Baligi yana da jini kimanin lita biyar, kuma zuciya takan zagaya da shi duka cikin jiki a misalin minti ɗaya idan mutum yana zaune a huce. Ana bukatar wannan jini ya kasance ruwa muddin yana cikin jijiya, amma da zarar wuƙa ta yanki yatsa ana so ya daskare a daidai bakin raunin cikin 'yan mintoci, ba a wani wuri ba.

Abu na farko da ke tsare wannan doka shi ne shafen cikin jijiya. Kowace jijiyar jini, tun daga mai kaurin babban yatsa har wadda ta fi gashin kai siranta, tana da wani shafe mai santsi a cikinta, wanda kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Muddin shafen nan yana lafiya, yakan fitar da wasu sinadarai masu hana jini kamawa, jini ya yi ta wucewa abinsa. Idan ya kece, sai naman da ke bayansa ya bayyana, a cikin wannan nama kuwa akwai wani sinadari mai kunna daskarewa, wanda bai kamata ya sadu da jini ba sai an yi rauni.

Masu fara isa wurin raunin su ne wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filetlet. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya bayyana aikinsu a 1882. A cikin ɗigon jinin da bai fi kan allura ba akwai tsakanin 150,000 da 450,000 daga cikinsu, kowace kuma takan rayu kwana bakwai zuwa goma. Sukan manne a bakin raunin, su kira 'yan'uwansu, su yi tsibi kamar yadda magini ke cusa curin laka a ɓarakar bango. Daga nan sai wasu sinadarai goma sha biyu da ke yawo cikin jini, waɗanda galibinsu hanta ce ke haɗawa, su shiga ta da juna bi da bi, na farko ya ta da na biyu, na biyu ya ta da na uku, har a kai ga wani da ake kira turombin. Shi ne ke juya wani narkakken sinadari ya koma zare mai ƙarfi, mai suna faibirin. Zaren nan ya saƙe tsibin kamar taru, ya kama jajayen ƙwayoyin jini, shi ke nan gudan jini ya samu.

Bayan rauni ya warke akwai wani sinadarin dabam da ke zuwa ya yayyanka zaren, hanya ta sake buɗewa. Gutsattsarin zaren da ke zuba cikin jini su ne ake aunawa a ɗakin gwaji da sunan Di-daima. Idan aka ga sun yi yawa, alama ce ta cewa a wani wuri cikin jiki ana saƙa gudan jini ana kuma warware shi. Mai karatu ya riƙe wannan suna, don zai sake tasowa.

Tun cikin shekarun 1850 wani babban likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya nuna cewa gudan jinin da ake tararwa a huhu sau da yawa daga ƙafa yake tasowa. Akwai kuma sharuɗɗa uku da ake danganta su da sunansa, waɗanda har yau duk ɗalibin likitanci sai ya haddace su. Jini yakan daskare a inda bai kamata ba idan gudunsa ya ragu, ko idan shafen jijiya ya ji rauni, ko idan jinin kansa ya sake hali ya zama mai saurin kamawa. Ɗaya daga cikinsu ma yakan isa. Masifar cutar bairos mai tsanani ita ce takan tara su ukun a jikin mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

ABIN DA BAIROS KE YI

Sharaɗin farko ba wuyar ganewa. Wanda zazzaɓi ya kwantar mako guda ko biyu ba ya motsa ƙafa, alhali matsawar tsokar sha-raɓa ce ke taimaka wa jini ya hau daga ƙafa ya koma zuciya. Ga kuma ƙarancin ruwa a jiki saboda gumi da amai da rashin sha, wanda ke sa jini ya yi kauri. Wanda aka sa wa injin numfashi kuwa, akan ba shi maganin barci ya kwanta kwana da kwanaki ko yatsa ba ya ɗagawa.

Sharaɗi na biyu da na uku su ne inda maganar take da zurfi. Idan bairos ya shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, sukan saki wasu sinadarai na kiran gayya, kamar a buga kuge a gari don kowa ya fito. Waɗannan sinadarai su ne ke kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. A yawancin mutane kiran yakan lafa bayan 'yan kwanaki, a ci galabar cutar, kowa ya koma bakin aikinsa. A wasu kuwa ba ya lafawa, sai ma ya yi ta ƙaruwa, ya game jiki duka. To, a nan ne shafen jijiya ke sauya hali. Ya daina fitar da sinadarai masu hana kamawa, ya koma fitar da masu danƙo waɗanda filetlet ke mannewa a jikinsu. Wasu fararen ƙwayoyin jini kuma su fito da sinadarin nan mai kunna daskarewa a bayansu, su yi ta yawo da shi cikin jini, a wuraren da ba rauni ko kaɗan. Ita ma hanta, da ta ji kiran, sai ta ƙara yawan kayan saƙa zaren, har ya ninka na mai lafiya.

Akwai wata dabara ta garkuwar jiki wadda ba a gano ta ba sai a 2004, a wata cibiyar bincike da ke Balin. Wani jinsin fararen ƙwayoyin jini, idan faɗa ya yi tsanani, yakan amayar da abin da ke cikinsa ya zama raga mai yauƙi don kama ƙwayoyin cuta. Ragar tana kama cuta, amma kuma tana kama filetlet, ta zama firam ɗin da gudan jini ke ginuwa a kai. An sami irin waɗannan ragogi da yawa a jini da huhun waɗanda Korona ta tsananta musu.

Duk wannan ba kuskuren halitta ba ne tun asali. Idan ƙaya mai datti ta soki ƙafa, toshe ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da wurin hikima ce, domin yana hana cuta bazuwa, kamar a rufe ƙofofin unguwa don ɓarawo kada ya fita. Illar tana zuwa ne idan cutar ta riga ta game jiki, aka shiga rufe ƙofofin gari duka, har da na kasuwa da na rijiya.

Game da Korona akwai ƙarin bayani. Wannan bairos yana shiga ƙwayoyin halitta ne ta wata ƙofa da masana ke kira ACE2, wadda ke da yawa a hanci da huhu da hanji, kuma tana da hannu wajen daidaita lafiyar jijiyoyi. Cikin watan Afrilu na 2020 likitoci a Zurik, ta ƙasar Siwizalan, suka ba da labarin kumburin shafen jijiya a ƙoda da hanji da huhun marasa lafiya uku. Masana sun yi saɓani a kan ko bairos ɗin ne ke shiga shafen da kansa, ko kuwa zafin garkuwar jiki ne ke ƙona shi. Ko wanne ne dai, sakamakon guda ne, santsin ya tafi.

SHAIDAR DA AKA TARA A 2020

Alamar farko daga Wuhan ta fito, birnin ƙasar Sin inda cutar ta ɓulla a Disamban 2019. Wasu likitocin asibitin Tongji suka bi jinin marasa lafiya 183. Mutum 21 suka rasu, kuma 15 daga cikinsu jininsu ya nuna alamun rikicewar daskarewa a jiki duka. Daga cikin 162 da suka rayu kuwa, mutum ɗaya tak ya nuna haka. Wani binciken na mutum 191, a birnin dai, ya nuna cewa wanda ya zo asibiti da Di-daima mai yawa ya fi sauran haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba. An buga wannan cikin watan Maris, watan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar a matsayin annobar duniya, ran 11 ga wata.

Daga ƙasar Holan aka sami rahoton mutum 184 da ke kwance a ɗakunan kulawa ta musamman na asibitoci uku. Ko da yake ana yi musu allurar rigakafin daskarewar jini kamar yadda aka saba yi wa duk mai jinya irin wannan, an ƙiyasta cewa kashi 31 cikin ɗari sun sami toshewar jijiya, galibi a huhu. A birnin Niyok na Amurka, wasu likitoci suka karɓi mutum biyar 'yan ƙasa da shekara hamsin cikin mako biyu, dukansu da shanyewar ɓarin jiki saboda toshewar babbar jijiyar ƙwaƙwalwa, dukansu kuma ɗauke da Korona. Wani sanannen ɗan wasan kwaikwayo a Amurka, Nick Cordero, mai shekara 41, an yanke masa ƙafar dama cikin watan Afrilu saboda jini ya daina isa gare ta, ya kuma rasu ran 5 ga watan Yuli.

Amma binciken da ya fi buɗe ido shi ne wanda aka yi da madubin likita. Huhu yana da ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkuna na iska, kowace kuma a naɗe take da jijiyoyi sirara ƙwarai, waɗanda jajayen ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya su ɗebi iska. Wasu masana na Jamus da abokan aikinsu suka gwada huhu bakwai na waɗanda Korona ta kashe da huhu bakwai na waɗanda mura mai tsanani ta kashe. Suka tarar cewa ƙananan gudajen jini a cikin waɗannan sirarun jijiyoyi sun ninka sau tara a huhun masu Korona. Wannan ya taimaka wajen warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, watau majinyacin da injin ke hura wa huhu iska sosai, amma awo ya nuna iskar ba ta isa jini. Jakar ta cika da iska, jinin da zai ɗebe ta ne bai sami hanyar zuwa ba.

Kada a ɗauka mura mai tsanani ta kuɓuta daga wannan zargi. Wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, aka buga a 2018, ya nuna cewa a mako na farko bayan gwaji ya tabbatar da ita, haɗarin bugun zuciya yakan ninka sau shida. Bugun zuciya kuwa galibi gudan jini ne a jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta.

DASKAREWA DA ZUBAR JINI

A nan mai karatu zai iya tambaya, to, ina cututtukan da aka sani da zubar jini, irin su Ebola? Ashe ba kishiyar wannan ba ce? Abin mamaki, sau da yawa tushensu ɗaya ne. A ɗauki misalin garin da maginansa suka ruɗe, suka bi gida gida suna yaɓe ƙofofi da tagogin da ba abin da ya same su, har laka ta ƙare. Idan ruwan sama ya fasa bango na gaskiya, ba sauran abin toshewa. Haka abin yake a jini. Idan aka kunna daskarewa a ko'ina a lokaci ɗaya, dubban ƙananan gudaje su toshe jijiyoyin ƙoda da hanta da huhu, filetlet da sinadaran daskarewa su ƙare fiye da yadda ɓargo da hanta za su iya mayarwa. Sai majinyaci ya soma zubar da jini ta dasashi, ta hanci, ta wurin da aka yi masa allura, alhali a cikinsa jijiyoyi a toshe suke.

An ga haka a Ebola, wadda ta fara bayyana a 1976 a Yambuku, cikin ƙasar da ake kira Zayar a lokacin, inda ta kama mutum 318 ta kashe 280. Gwajin da aka yi da birai a Amurka, aka buga a 2003, ya nuna cewa bairos ɗin Ebola yana shiga fararen ƙwayoyin jini ne tun da wuri, ya sa su fito da sinadarin kunna daskarewa. A babbar annobar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 ta kashe fiye da 11,000, zubar jinin da ido ke gani bai kai ga mutum ɗaya cikin biyar ba, yawanci gudawa da amai da gazawar sassan jiki ne suka yi kisa. Ita ce annobar da ta shigo Legas ran 20 ga watan Yuli na 2014, ta kama mutum 20 a Nijeriya ta kashe takwas, ciki har da Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana mai cutar na farko barin asibiti.

A Korona kuwa, galibi awon yakan rinjaya wajen toshewa, domin hanta tana ci gaba da zuba kayan saƙa, filetlet kuma ba sa raguwa sosai, sai fa a ƙarshe idan jiki ya gaza. Zazzaɓin shawara yana da tasa hanyar, yana lalata hanta, wadda ita ce masana'antar sinadaran daskarewa, shi ya sa ake ganin baƙin amai, wanda jini ne da ya zuba a ciki.

Zazzaɓin Lassa ma ya sha bamban. Sunansa ya samo asali ne daga garin Lassa, wanda ke Jihar Barno a yau, inda wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da shi a Janairun 1969, aka kai ta Jos ta rasu a can. Shekara ɗaya bayan haka Dakta Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke hannu wajen binciken gawar wani mai cutar. Wani jinsin ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da bairos ɗin. Kimanin mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin jiki sosai. A waɗanda ya tsananta musu, ba a cika ganin ƙananan gudaje ko'ina irin na Ebola ba. Abin da aka fi gani shi ne filetlet suna nan amma sun kasa mannewa, shafen jijiya kuma ya zama kamar rariya, ruwan jini ya yi ta yoyo zuwa cikin nama, fuska da wuya su kumbura, ƙarfin bugun jini ya faɗi.

MAGANAR MAGANI

Wannan bambanci yana da muhimmanci, saboda wata jita-jita da ta yawata ta WhatsApp a 2020, har a Nijeriya. An ce wai likitocin Italiya sun gano cewa Korona ba bairos ba ce, daskarewar jini ce kurum, kuma wai asfirin ya isa magani. Maganar ta ɗauki gaskiya kaɗan ta naɗe ta da ƙarya mai yawa, irin wannan kuwa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Babban gwajin magunguna da aka yi a Birtaniya, wanda Jami'ar Okusfod ta shugabanta, ya gwada asfirin a kan marasa lafiya kusan 15,000 da ke kwance a asibiti, bai kuwa rage yawan mutuwa ba, sai dai ya ƙara zubar jini kaɗan. A ƙasar da zazzaɓin Lassa da na shawara da na dengi suke, wanda ya sayi asfirin a kemis don zazzaɓin da bai san iri ba yana iya raunana filetlet ɗin da suka riga suka raunana. Shi ya sa likitoci suka fi son farasitamol don sauke zazzaɓi kafin gwaji ya fito. Yara kuma ba a ba su asfirin idan suna da cutar bairos, saboda wata larurar hanta da ƙwaƙwalwa da yake iya jawowa.

Maganin da asibitoci suka dogara da shi shi ne allurar hefarin, wadda asalinta ya koma ga binciken wani ɗalibin likitanci a Amurka a 1916. Ba ta narkar da gudan da ya riga ya samu, tana hana shi girma ne, ta kuma hana sabo samuwa. Tun 2020 aka mayar da ƙaramin awonta ƙa'ida ga kusan duk wanda Korona ta kwantar a asibiti, sai mai haɗarin zubar jini. Da aka gwada babban awo kuwa, sakamakon da aka buga cikin Agustan 2021 ya zo da darasi. A cikin mutum fiye da 2,000 waɗanda ciwonsu bai kai ga ɗakin kulawa ta musamman ba, babban awon ya ɗan taimaka. A cikin fiye da 1,000 da ciwonsu ya riga ya yi tsanani, bai taimaka ba, sai ƙarin zubar jini. Watau idan gobarar ta riga ta kama, tsinka jini kaɗai ba ya kashe ta.

Abin da ya fi ceton rai a wannan mataki shi ne sassauta fushin garkuwar jiki. Gwajin nan na Birtaniya ya nuna a watan Yuni na 2020 cewa deksametason, tsohon magani mai araha, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba iska kawai. Ga wanda ba ya bukatar iska kuwa bai amfana ba, don haka shi ma ba na saye a kemis ba ne.

BAYAN AN TASHI DAGA JINYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan Korona ran 5 ga watan Mayu na 2023, kuma rigakafi da kamuwar da jama'a suka riga suka yi sun rage tsananin cutar ƙwarai. Amma akwai abin da ya kamata duk wanda ya tashi daga babban zazzaɓi ya sani. Wani bincike na ƙasar Suwidin, wanda ya bi mutum fiye da miliyan ɗaya da suka kamu da Korona, aka buga a Afrilun 2022, ya nuna cewa haɗarin gudan jini a ƙafa yana nan har wata uku, na huhu kuma har wata shida, kuma ya fi yawa ga waɗanda suka sha jinya mai tsanani.

Waɗanda suka fi bukatar lura su ne tsofaffi, da masu ƙiba, da masu ciwon sukari ko hawan jini ko daji, da mata masu ciki da masu jego, da masu sikila, waɗanda jininsu dama can yana da saurin kamawa, da duk wanda ya taɓa samun gudan jini a baya. Ma'aikacin da ya tashi daga jinya ya koma ofis ya wuni a kujera, ko ɗalibin da ya shiga mota daga Maiduguri zuwa Legas ƙafa a lanƙwashe, ya ƙara wa kansa sharaɗin Virchow na farko. Tashi a taka bayan kowace sa'a ko biyu, da motsa ƙafafu ko a kan gado ne, da shan ruwa isasshe, suna rage haɗarin.

Alamun kuwa ba su da wuyar ganewa idan an san su. Kumburin ƙafa ɗaya ban da ɗayar, tare da ciwo da ɗumi a sha-raɓa ko cinya, yana bukatar hoton jijiya a ranar, kuma kada a yi masa tausa ko a kai shi wurin mai ɗori, domin matsawa tana iya ɓalle gudan. Ɗaukewar numfashi farat ɗaya, da sukar ƙirji idan an ja iska, da bugun zuciya da sauri, da tari da jini, alamun toshewar huhu ne. Karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, da sarƙewar harshe, alamun toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ne. A wannan na ƙarshe, allurar da ke narkar da gudan, a asibitocin da ke da ita, ana yin ta ne cikin sa'a huɗu da rabi daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Saboda haka 'yan'uwan majinyaci su lura da lokacin da abin ya fara, su faɗa wa likita da zarar sun isa.